Thomas Bulfinch, Akawun Banki

An haifi Thomas Bulfinch a 1796 kusa da Boston ta Amurka. Ya taɓa ciniki, ciniki ya ƙi. A 1837 ya kama aikin akawu a banki, bai bar shi ba har ajalinsa a 1867.

Abin da ya sa muka ɗauko labarinsa, aikin da yakan yi in an tashi ofis ne. Ya lura wanda bai san almarar Yunanawa ba, lalube yake yi cikin waƙoƙin Turawa. Sai ya tsara ta da Ingilishi mai sauƙi, har da labarin Medusa mai gashin macizai, wadda kowa ya dube ta ya zama dutse. Littafin, The Age of Fable, ya fito a 1855, yana gab da shekara 60. Har yau ana buga shi.