José Afonso: mawaƙin da muryarsa ta fito da sojoji daga bariki

A ranar 23 ga watan Fabrairun 1987 ne José Afonso, wanda mutanen Fotugal suka fi sani da Zeca, ya rasu a garin Setúbal yana da shekaru 57. A wajen ƙasarsa an fi tuna shi da waƙa guda, wato Grândola, Vila Morena, wadda matasan hafsoshin soja suka ɗauka a matsayin alamar fara juyin mulkin shekarar 1974.

Sai dai waƙar ɗaya ce daga cikin guda tara da ke cikin faifan Cantigas do Maio na 1971, kuma a wannan faifai ne ake ganin ainihin gwanintar mutumin.

Ƙuruciya tsakanin Turai da Afirka

An haife shi a ranar 2 ga watan Agustan 1929 a garin Aveiro. Mahaifinsa ma'aikacin shari'a ne da aka riƙa tura shi ƙasashen da Fotugal ke yi wa mulkin mallaka, mahaifiyarsa kuwa malamar firamare ce. Saboda haka yaron ya tashi yana kai-komo tsakanin gidajen dangi a Fotugal da kuma Angola da Mozambik.

A ƙarshen shekarun 1930 an kai shi riƙo hannun wani kawunsa, magajin garin Belmonte, wanda ke cikin masu ƙaunar Salazar, shugaban gwamnatin kama-karya ta wancan zamani. Iyayensa kuma suka wuce tsibirin Timor, inda sojojin Japan suka tsare su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi shekaru bai ji ɗuriyarsu ba.

A birnin Coimbra ya yi karatun sakandare da jami'a, inda ya karanci tarihi da falsafa. A can ya fara waƙa irin ta ɗalibai da ake kira fado, waƙar bege da soyayya da ake rerawa da dare tare da gita. Faya-fayansa na farko sun fito a 1953. Muryarsa mai kaifi da rawar makoshi ta sa ya yi suna tun da wuri, kuma da ya so, da ya ƙare rayuwarsa yana wannan waƙa ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Amma aikin koyarwa ya kai shi ƙananan garuruwan kudancin ƙasar, inda ya ga talaucin masunta da 'yan ƙodago. A 1963 ya fitar da Os Vampiros, waƙar da ta kwatanta masu cin gumin talaka da masu shan jini. Hukuma ta haramta ta.

Daga 1964 zuwa 1967 ya koyar a Mozambik, a Lourenço Marques, wanda yau ake kira Maputo, da kuma Beira. Ya isa ƙasar ne a shekarar da ƙungiyar Frelimo ta ɗauki makami, kuma abin da ya gani na wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata ya mayar da shi cikakken mai adawa da mulkin mallaka. Bai daɗe da komawa gida ba aka kore shi daga aikin koyarwa a makarantun gwamnati. Daga nan waƙa ta zama sana'arsa. Kamfanin Orfeu na birnin Porto ya ɗauke shi a kan albashin wata-wata, shi kuma yana kawo faifai guda a kowace shekara.

Faifan da aka naɗa a Faransa

Lokacin da ya tafi Faransa a ƙarshen 1971, Zeca yana da shekaru 42, kuma ya kusa shekaru 20 yana naɗar waƙa. Salazar ya mutu a 1970, Marcelo Caetano na riƙe da gwamnati tun 1968, amma tace rubutu da waƙa na nan, 'yan sandan ciki na nan ko da yake an sauya musu suna, yaƙi kuma na ci a Angola da Guinea Bissau da Mozambik.

An yi aikin ne a wani tsohon gidan sarauta da aka mayar ɗakin naɗar sauti a ƙauyen Hérouville, kusa da Paris. Wanda ya tsara kiɗan shi ne José Mário Branco, matashin mawaƙi da ya yi hijira zuwa Faransa tun 1963 don gudun shiga yaƙin mulkin mallaka.

Kafin wannan lokaci yawancin waƙoƙin Zeca murya ce da gita. Branco ya shigo da sarewa da ƙaho da ganguna iri-iri, ciki har da darbuka ta Larabawa da adufe, ƙaramar gangar da matan karkarar Fotugal ke kaɗawa. Abin lura shi ne yadda ya yi tsimin kayan. Babu inda kiɗa ya danne murya, kuma a wurin da ya ga bai da amfani sai ya janye shi gaba ɗaya.

Haka aka yi da Grândola. Zeca ya rubuta ta ne bayan ya yi wasa a wata ƙungiyar ma'aikata a garin Grândola cikin watan Mayun 1964, inda zumuncin mutanen ya burge shi. Branco ya ba da shawarar a rera ta kamar yadda manoman lardin Alentejo ke yin waƙarsu: mutum guda ya ɗauko, sauran maza su amsa, babu ganga babu gita. Abin da kawai ke ƙarƙashin muryoyin shi ne takun sawu a kan tsakuwa, wanda mawaƙan suka fita harabar gidan da tsakar dare suka naɗa.

Masu sauraro da yawa sun ɗauka takun sojoji ne. Na manoma ne da ke komawa gida daga gona, kafaɗa da kafaɗa. Wannan salo na waƙar Alentejo shi ne hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2014.

Waƙar ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci gwamnati ko yaƙi ba. Yabon gari ce da mutanensa, da 'yan'uwantaka da daidaito, da kuma cewa jama'a ne ke da iko. A ƙasar da aka shafe shekaru fiye da 40 ba a yi zaɓe na gaskiya ba, wannan kaɗai ya isa.

Wadda ta fi fitowa fili a siyasance ita ce Cantar Alentejano, makoki ga Catarina Eufémia, 'yar ƙodago mai shekaru 26 kuma uwar 'ya'ya uku, wadda wani jami'in tsaro ya harbe a ƙauyen Baleizão a watan Mayun 1954, lokacin da masu girbi ke neman ƙarin lada. Zeca ya rera ta a hankali, kusan da gita kaɗai, ba tare da ɗaga murya ba. A ganina ita ce waƙa mafi nauyi a faifan, har ma fiye da wadda ta yi suna.

Sauran kuwa na bazara ne da gona da mata masu aikin wahala. Milho Verde tsohuwar waƙar noma ce da ya tarar a bakin mutane. Wasu baitocin a wasu waƙoƙin suna da duhun ma'ana, kuma an soki Zeca da cewa talakan da yake yi wa waƙa ba lallai ya gane shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a sukan. Amma duhun nan shi ya sa masu tacewa suka rasa inda za su kama, kuma shi ya sa faifan bai tsufa tare da gwamnatin da ya yi adawa da ita ba. A 1978 masu sharhi da jaridar Se7e ta tuntuɓa sun zaɓe shi a matsayin faifai mafi kyau a tarihin waƙar jama'a ta Fotugal.

Daren 25 ga Afrilu

A 1973 an tsare Zeca na kusan makonni uku a kurkukun Caxias. A ranar 29 ga Maris na 1974, a wani babban taron mawaƙa a zauren Coliseu na birnin Lisbon, an hana shi rera yawancin waƙoƙinsa, aka bar masa Grândola da Milho Verde. Dubban mutane suka tashi tsaye suka amsa. Cikin 'yan kallo akwai hafsoshin da ke ƙulla juyin mulki, waɗanda yaƙin shekaru 13 a Afirka ya gajiyar da su.

Suna buƙatar alamar da za ta isa kowane bariki a lokaci guda ba tare da ta tayar da zargi ba. Da ƙarfe 10:55 na daren 24 ga Afrilu wata tashar Lisbon ta sa waƙar soyayya ta Paulo de Carvalho, alamar a shirya. Da ƙarfe 12:20 kuma Rediyo Renascença, tashar cocin Katolika, ta sa Grândola a shirinta na Limite. Motocin soja suka fito. Kafin dare ya sake yi Caetano ya miƙa wuya a barikin Carmo, mulkin kama-karya na shekaru 48 ya zo ƙarshe. Mutane huɗu ne 'yan sandan ciki suka harbe a ranar.

A watan Satumban 1974 Fotugal ta amince da 'yancin Guinea Bissau. Mozambik da Cape Verde da São Tomé da Angola suka biyo baya a 1975. Mayaƙan Amílcar Cabral da Samora Machel da Agostinho Neto ne suka karya lagon daular; waƙar ta sanar da lokaci ne kawai.

Zeca bai nemi muƙami ba. Ya ci gaba da yawo yana waƙa a masana'antu da ƙungiyoyin manoma, ya goyi bayan Otelo Saraiva de Carvalho, wanda ya tsara juyin mulkin, a zaɓen shugaban ƙasa na 1976. Waƙoƙinsa na wannan zango sun fi faɗin magana kai tsaye, kuma kaɗan daga cikinsu ne suka yi ƙarkon na 1971.

A farkon shekarun 1980 ya kamu da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali. Ya yi bankwana da jama'ar Lisbon a zauren Coliseu a watan Janairun 1983, kuma a shekarar ya ƙi karɓar lambar girmamawa da shugaba Ramalho Eanes ya so ba shi. A faifansa na ƙarshe, Galinhas do Mato na 1985, abokansa ne suka rera yawancin waƙoƙin saboda muryarsa ta gaza.

Dubban mutane sun raka gawarsa a Setúbal, an lulluɓe akwatin da jan ƙyalle marar tambarin kowace jam'iyya. A watan Fabrairun 2013, masu adawa da matakan tsuke bakin aljihu sun katse jawabin Firayim Minista Pedro Passos Coelho a majalisar dokoki ta hanyar rera Grândola daga benen 'yan kallo, har sai da aka fitar da su.