Tarihin William Buckland, Limamin Da Ya Karanci Duwatsu

A cikin malaman Ingila da suka shuɗe akwai wani wanda ya kamata kowane mai shirin zama malamin makaranta ya san labarinsa, sunansa William Buckland. Limamin Kirista ne, kuma shi ne na fari da aka naɗa musamman don ya koyar da ilmin duwatsu a babbar makarantar Oksfod. Ya ƙare yawancin kwanakinsa yana neman ya daidaita abin da ya karanta cikin Attaura da abin da ya gani cikin ƙasa. Ya yi babban kuskure cikin wannan nema, sa'an nan ya dawo ya warware shi da hannunsa.

An haife shi ran 12 ga watan Maris, 1784, a garin Axminster, kudu maso yammacin Ingila. Ubansa ma limami ne. Tun yana yaro uban ya kan ja shi yawo wuraren da a ke fasa duwatsu, su riƙa tsintar katantanwar teku wadda ta daskare ta zama dutse. Cikin 1801 ya shiga Oksfod, da ya sauke karatu aka naɗa shi limami, cikin 1813 kuma aka ba shi koyar da sanin ma'adinai. Mutum ne mai fara'a da ban dariya. Ba a raba shi da wata shuɗiyar jaka cike da ƙasusuwa da duwatsu, kuma sau da yawa ya kan fid da almajiransa daga ɗaki, su hau dawaki su tafi daji, a yi karatun a gindin dutse.

To, kafin mu ci gaba sai mu san matsalar da ta dami malaman zamaninsa. A littafin Farawa, sura ta 5 da ta 11, an jera asalin kakanni daga Annabi Adamu zuwa Annabi Nuhu, daga Nuhu kuma zuwa Annabi Ibrahim, an faɗi shekarun kowannensu sa'ad da ya haifi ɗansa. Wani babban limami na ƙasar Ailan, James Ussher, ya tara waɗannan shekaru da sauran lissafin sarakuna, cikin 1650 ya fitar da cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, ruwan Ɗufana kuwa ya zo wajen shekara 2,350 kafin haihuwar. Daga 1701 aka shiga buga wannan ƙidaya a gefen shafi cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci, har talakawa suka ɗauka ita ma saukakkiya ce, alhali kuwa lissafin mutum ne. Ko tsofaffin kofe na Attaura ba su daidaita kan adadin ba: na Ibrananci ya ba da shekara 1,656 daga Adamu zuwa Ɗufana, fassarar Yunananci kuwa ta ba da fiye da 2,200.

Masu binciken ƙasa kuwa suna ganin wani abu dabam. Duk wanda ya tsaya bakin rijiya ana haƙa ya san ƙasa hawa-hawa ta ke, yashi bisa laka, laka bisa marmara. Su suka auna irin wannan jeri a gaɓar teku da ramukan gawayi, suka tarar kaurinsa ya kai mil da yawa, kowane hawa da irin halittun da suka mutu a cikinsa, waɗansu ma babu irinsu a duniya yanzu. Suka ga shekara 6,000 ba ta isa a shimfiɗa wannan duka ba.

Cikin 1818 aka naɗa Buckland malamin ilmin duwatsu. A karatunsa na buɗewa ya nuna wa manyan makarantar, waɗanda galibinsu limamai ne masu tsoron sabon ilmin, cewa ba abin tsoro. Ra'ayinsa shi ne, kalmar farko da Attaura ta buɗe da ita ba ta ƙayyade lokaci ba, saboda haka tsakanin halittar sama da ƙasa da kwanaki shida na shirya duniya domin mutum, zamani mai tsawo ƙwarai yana iya shigewa, a cikinsa ne duwatsu suka shimfiɗu. Asalin kakanni kuwa tarihin 'yan Adam kaɗai ya ƙidaya, bai ƙidaya shekarun ƙasa ba. Game da Ɗufana, ya ce tsakuwa da laka da manyan duwatsun da ke warwatse bisa fuskar Ingila, nesa da inda aka san asalinsu, su ne sawun ruwan Annabi Nuhu.

Cikin 1821 masu fasa dutse a Kirkdale, cikin lardin Yokshaya, suka buɗe wani kogo cike da ƙasusuwa. Suka zaci na shanu ne, suka riƙa zuba su a hanya tare da tsakuwa, sai wani likita ya lura ba na shanu ba ne. Buckland ya tafi cikin hunturu, ya shiga kogon da rarrafe. Ya sami haƙora da ƙasusuwan giwa, da karkanda, da dorina, da doki, da bareyi, amma na kura sun fi yawa, ya ƙiyasta kuraye sun haura 200. Mutane suka ce ai Ɗufana ce ta kwaso gawawwakin daga ƙasashen zafi ta cusa su nan.

Shi bai yi saurin yarda ba, ko da ya ke maganar ta dace da abin da ya ke so. Ya lura bakin kogon ƙarami ne, giwa ba ta shiga ko da rai ko a mace. Ya ga ƙasusuwan a farfashe su ke, da alamun haƙori a jikinsu, ba su kuwa goge ba kamar abin da ruwa ya gangaro da shi daga nesa. Ya tsinci waɗansu fararen dunƙule-dunƙule, aka nuna wa wani mai kiwon namun daji a Landan, nan take ya shaida kashin kura ne, abin da kowane yaron ƙauye a ƙasarmu zai gane. Duk da haka bai tsaya nan ba. Da masu yawo da namun daji suka zo Oksfod da wata kura ta Afirka ta Kudu, ya miƙa mata ƙashin sa, ya tsaya yana kallo ta gaigaye shi, ya ɗauki saura ya gwada da na kogon, ya ga fashewarsu iri ɗaya ce. Gani ya kori ji. Ya tabbata kogon ramin kuraye ne, su suka riƙa jawo nama ciki shekara da shekaru, watau giwa da dorina sun taɓa zama a Ingila kanta. Saboda wannan bincike babbar ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar girma ta Copley cikin 1822.

Amma bai saki Ɗufana ba tukuna. Lakar da ta rufe ƙasusuwan, ya ce ita ce ta ruwan Nuhu, wanda ya ƙare zamanin kurayen. Cikin 1823 ya buga littafi a kan haka, sunansa da Latin Reliquiae Diluvianae, watau ragowar Ɗufana, ya kuwa sami karɓuwa ƙwarai. A shekarar nan ya tono ƙasusuwan mutum rine da jar ƙasa, tare da kayan ado na haure, a kogon Paviland cikin ƙasar Wales. Da ya ke ƙidayar asalin kakanni ta riga ta zauna masa a rai, ya ce wata mace ce ta zamanin Rumawa. Cikin 1824 ya bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar halitta mai kama da ƙadangare, ya sa mata suna Megalosaurus, ita ce ta fari da aka raɗa wa suna cikin jinsin da daga baya aka kira dainoso. Cikin 1825 ya auri Mary Morland, gwanar zane, wadda ta zana hotuna da yawa na littattafansa.

Sai suka ta taso masa ta fuska biyu. Wani limamin Sikotlan, John Fleming, ya nuna cikin 1826 cewa ruwan da Attaura ta siffanta a hankali ya taso, a hankali ya janye, har kurciya ta sami ɗanyen ganyen zaitun, saboda haka ba shi ne zai yage kwaruruka ya ɗauki duwatsu ba. Almajirinsa Charles Lyell kuma ya fara buga babban littafinsa cikin 1830, yana nuna ruwan sama da koguna da aman wuta, in an ba su lokaci, sun isa su yi aikin. Bincike ya ƙara nuna tsakuwar nan ba lokaci ɗaya ta zuba ba, ba a kuwa sami ƙasusuwan mutanen da ruwan ya hallaka a cikinta ba. Cikin 1831 Adam Sedgwick na Kambirij, shi ma limami, ya janye wannan ra'ayi a bainar jama'a. Buckland ya yi ta nazari, cikin littafinsa na 1836 ya amsa cewa tsakuwar ta girmi zamanin Annabi Nuhu, ba shaidar Ɗufana ba ce. Bai musunta Ɗufana ba, bai bar limanci ba, hujjarsa kaɗai ya ajiye da ya ga ba ta tsaya ba. Waɗansu limamai suka yi ta zarginsa, har da shugaban babban cocin Yok, William Cockburn.

Saura a san abin da ya kawo tsakuwar. Cikin 1838 ya tafi Suwizalan wurin Louis Agassiz, wanda ya nuna masa yadda tarin ƙanƙara ke gangarowa daga tsaunuka a hankali, yana karce dutse, yana ture tsakuwa a gabansa. Buckland ya tuna ya taɓa ganin irin wannan karce a gida. Cikin 1840 suka zaga Sikotlan tare, suka ga alamun ko'ina, ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana ya ce ƙanƙara ta taɓa lulluɓe ƙasar. Da yawa suka ƙi, sai bayan mutuwarsa aka yarda. Abin da ya kira sawun ruwa ashe sawun ƙanƙara ne.

Cikin 1845 aka naɗa shi shugaban cocin Westminster a Landan. Wajen 1850 wani ciwo ya taɓa hankalinsa, bai warke ba har ya rasu ran 14 ga watan Agusta, 1856. Aka kai shi ƙauyen Islip, masu haƙa kabari suka ci karo da dutse, sai da aka sa nakiya kafin ramin ya samu.

Bayansa aka ci gaba da maganar. Cikin 1890 wani malamin Ibrananci a Amurka, William Henry Green, ya nuna marubutan dā su kan tsallake sunaye cikin jerin asali, kamar yadda Linjilar Matta ta tsallake sarakuna 3 tsakanin Yoram da Azariya. Mu ma mun san a kan kira mutum ɗan wane alhali jikansa ne ko tattaɓa-kunne, saboda haka tara shekarun jerin ba ya ba da ƙidaya tabbatacciya. Awon masana na baya ya nuna ƙasusuwan Kirkdale sun kai wajen shekara 120,000, mutumin Paviland kuwa namiji ne, ya kai wajen shekara 33,000. Cikin 1956 Clair Patterson ya auna shekarun duniya, ya sami wajen miliyan 4,550.

'Yan'uwa, gobe za mu tsaya gaban yara, za su kuwa tambaye mu abin da ya fi ƙarfinmu. Mu tuna da malamin nan da ya shiga ramin kura da rarrafe don ya gani da idonsa, ya kuma rushe littafin da ya ɗaukaka sunansa sa'ad da ya ga ba daidai ba ne. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu zuciyar karɓar gyara, amin.