Abdurrahman As-Sufi, Malamin Taurari na Shiraz

  

A wannan fitowa za mu kawo tarihin Abul Husaini Abdurrahman ɗan Umaru, wanda aka fi sani da As-Sufi. An haife shi a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau a ƙasar Iran, a shekara ta 291 bayan Hijira (903 Miladiyya). Ya zauna a Isfahan da Shiraz, a fadar Sarki Adudud Daula, wanda shi kansa ya karanci ilimin taurari a wurinsa.

A zamaninsa, masu wannan fanni sun dogara ga littafin Batlimus na Iskandariyya, mai suna Al-Majisti, wanda ya lissafa taurari sama da 1,000 a cikin surori 48. Littafin ya shekara kusan 800, ana ta kwafarsa daga hannu zuwa hannu, kuma da yawa suna naƙalto shi ba tare da sun ɗaga kai sama ba. Shi As-Sufi bai yarda da haka ba. Ya bi taurarin ɗaya bayan ɗaya da idonsa, dare bayan dare, yana gwada haskensu da abin da aka rubuta. Inda ya ga saɓani sai ya gyara, bai ji nauyin girman sunan marubucin ba. Ya kuma tattara sunayen da Larabawan ƙauye suke kiran taurari da su, irin su Surayya, wadda mu muke ce wa Kaza da Ƴaƴanta.

Wajen shekara ta 964 ya kammala littafinsa Suwarul Kawakibis Sabita. Ya zana kowace sura sau biyu: yadda ake ganin ta a sama, da yadda take a jikin ƙwallon da masana ke zana taurari a kai. Ya kuma wallafa littafi a kan usturlabi, faifan tagullar nan da ake gane lokutan salla da alƙibla da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ga shi. A cikin surar da ake kira Mace Mai Sarƙa, ya ga wani ɗan tabo fari, dishi-dishi, ba tauraro ba. Sai ya rubuta shi yadda ya gan shi, kamar ɗan guntun gajimare, bai ƙara masa wani fassara ba. Wannan shi ne rubutu mafi daɗewa da ya iso gare mu game da shi. Sai a 1612 wani Bajamushe, Simon Mariyus, ya siffanta shi da madubin hangen nesa. A 1923 kuma Edwin Habul a Amurka ya gano cewa tabon nan wani gari ne na taurari dabam, mai biliyoyin ranaku, can waje da namu. Shi ake kira Andromeda. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya yi shekara wajen miliyan 2.5 kafin ya iso mana daga can. Wanda ya fita bayan gari a Maradi ko Tawa da kaka, bayan lisha, a daren da babu farin wata, ya dubi arewa sama, zai iya ganin sa da ido.

As-Sufi ya rasu a Shiraz a 376 (986). Masanan baya sun sa wa wani rami a jikin wata sunansa, Azofi. Allah ya jiƙan sa da rahama, amin.