SARKI MUZAFFARUDDINI NA IRBIL DA GIDAJEN MARASA GALIHU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya saba zama inda malamai ke tattauna zancen Maulidi, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Sarki Muzaffar ba, domin Imamu Suyuɗi da waɗansu malamai sun ambace shi game da girmama wannan biki. Masu yabo suna kawo sunansa, masu suka ma suna kawowa, amma duka ɓangarorin biyu a kan bikin kaɗai suke tsayawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin da sarkin nan yake yi a sauran kwanakin shekara, watau gina gidaje domin mutanen da ba su da wurin kwana ko mai kula da su, da kuma yadda ya tsaya da kansa a kan amanar waɗannan gidaje. A kan wannan ne filin nan zai yi bayani a wannan mako.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Sunansa Muzaffaruddini Abu Sa'id Kukuburi ɗan Zainuddini Ali. Baturke ne, kuma ma'anar Kukuburi a harshensu ita ce shuɗin kyarkeci. An haife shi a Mausil, cikin ƙasar Iraƙi, a watan Muharram na shekara ta 549 bayan Hijira (1154). Mahaifinsa babban sarkin yaƙi ne a ƙarƙashin gidan Zanki, masu mulkin Mausil, kuma yana riƙe da garuruwa da yawa, ciki har da Irbil, wanda ke kimanin kilomita 80 gabas da Mausil, shi ne yau hedkwatar yankin Kurdawa na Iraƙi. Zainuddini ya yi tsawon rai, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Irbil a shekara ta 563 (1168).

Muzaffar yana ɗan shekara 14 aka naɗa shi a gadon mahaifinsa, aka ba wani babban bafade mai suna Mujahiduddini Ƙaimaz riƙon al'amuran gari har yaron ya girma. To, maimakon ya riƙe masa, sai Ƙaimaz ya sa aka rubuta takardar shaida cewa yaron bai cancanci sarauta ba, ya tsare shi, ya ɗora ƙanensa Zainuddini Yusufu. Daga baya aka fitar da shi daga garin. Ya tafi Bagadaza neman hakkinsa bai samu biyan bukata ba, ya juyo Mausil, inda Sarki Saifuddini Gazi ya karɓe shi ya ba shi riƙon garin Harran. Mai karatu ya riƙe abubuwan nan biyu, makantar uba da korar maraya daga gidan ubansa ta hannun wanda aka ba amanarsa, domin zai sake haɗuwa da makafi da marayu da masu riƙon amana a gaba.

TARE DA SALAHUDDINI

Sa'ad da tauraron Salahuddini Ayyubi ya fito, Muzaffar ya bi shi. Salahuddini ya ƙara masa garin Ruha a shekara ta 578 (1182), daga baya kuma ya aurar masa da 'yar'uwarsa Rabi'atu Hatun. Ya halarci yaƙe-yaƙe masu yawa da mayaƙan Turai waɗanda suka mamaye gaɓar tekun Sham, kuma masu tarihi sun shaidi tsayuwarsa ranar yaƙin Hiɗɗin a shekara ta 583 (1187), yaƙin da ya buɗe hanyar karɓo Baitul Muƙaddas. A shekara ta 586 (1190) ƙanensa Yusufu ya rasu yana cikin rundunar Salahuddini a lokacin yaƙin Akka. Sai Muzaffar ya roƙi Salahuddini ya karɓi Harran da Ruha ya mayar masa da Irbil, aka yarda. Ya koma garin da aka kore shi yana yaro, ya mulke shi shekara 44.

GIDAJEN DA YA GINA

Mafi yawan abin da aka sani game da ayyukansa daga Alƙali Ibnu Hallikan ya fito, mai littafin Wafayatul A'ayan, wanda aka haifa a Irbil a shekara ta 608 (1211), mahaifinsa kuma malami ne a makarantar da sarkin ya gina. Abin da ya gani da idonsa ya rubuta.

Ya bayyana cewa sarkin ya gina gidaje huɗu domin makafi da masu ciwon da ba ya warkewa, ya cika su da irin waɗannan mutane, ya yanka musu abin da za su bukata kowace rana. Ya gina gida daban domin matan da mazansu suka mutu, da wani domin ƙananan marayu, da wani kuma domin jariran da aka tsinta a yashe. A wannan gida na ƙarshe ya ajiye mata masu shayarwa, duk jaririn da aka tsinta a kai musu shi su shayar da shi. Akwai asibiti, akwai kuma gidan baƙi inda duk wanda ya shigo gari zai sauka, malami ne ko matalauci, ba a hana kowa shiga, ana ba shi abincin safe da na dare, in ya tashi tafiya a ba shi guzuri daidai da halinsa. Bayan wannan, kullum da safe ana rabon burodi mai yawa a wurare dabam-dabam na gari, kuma mabukatan da suka taru a ƙofarsa ana ba su tufafi gwargwadon lokaci, na sanyi da na zafi, tare da dinari ɗaya ko biyu ko uku.

Abin lura a cikin tsarin nan shi ne yadda aka raba mutane bisa ga bukatarsu. Bukatar makaho dabam take da ta jariri, kuma matar da mijinta ya mutu tana bukatar sutura da kariyar mutunci waɗanda ba za ta samu ba a masaukin matafiya. Kowane gida da ma'aikatansa da abin da aka yanka masa, saboda haka mazauninsa ya san abincin gobe yana nan ko da wani mai kyauta bai biyo ta wurin ba.

LITININ DA ALHAMIS

Sarakuna da attajirai da yawa sun yi gine-ginen alheri a wancan zamani, amma abin da ya bambanta Muzaffar shi ne bai bar su ga ma'aikata ya juya baya ba. Kowace Litinin da Alhamis da la'asar yakan tafi gidajen nan huɗu da kansa. Yana shiga ɗakin kowane mutum, ya tambaye shi halin da yake ciki, ya ba shi wani abu, ya yi masa raha har ransa ya yi sanyi, sa'an nan ya wuce ɗaki na gaba, har ya gama da su duka. Gidajen zawarawa da marayu da jarirai ma yana yawan shiga, ya duba halinsu, ya ƙara musu a kan abin da aka yanka. In ya shiga asibiti yakan tsaya kan kowane majinyaci, ya tambaye shi yadda ya kwana da abin da ransa ke marmari.

Amfanin wannan ziyara ya wuce faranta rai. Makaho ba zai iya zuwa fada ya kai ƙarar mai rabon abinci ba, jariri kuwa ba ya magana. Irin waɗannan su ne mutanen da aka fi sauƙin cin hakkinsu a rubuta a takarda cewa an ba su. Amma ma'aikacin da ya san sarki zai shiga ɗaki ɗaki sau biyu a mako, ya kuma ji daga bakin masu hakki, dole ya shiga taitayinsa.

AMINTATTUNSA

Inda ƙafarsa ba ta kaiwa, amintattu yake aikawa. Sau biyu a shekara yakan tura jama'a daga cikinsu zuwa gaɓar tekun Sham da dukiya mai yawa, domin su fanso Musulmin da ke hannun Turawa. Wanda aka fanso in ya iso Irbil sarki ya ba shi abin da zai fara rayuwa da shi, wanda bai iso ba kuwa amintattun su ba shi a can bisa umurnin sarki. Kowace shekara kuma yakan haɗa wani amintacce da ayarin alhazai, da dinari 5,000 ko 6,000 domin mabukatan Makka da Madina. Ibnu Hallikan ya ce shi ne farkon wanda ya jawo ruwa zuwa dutsen Arfa domin daren tsayuwa, ya gina wuraren tara ruwa a can, saboda alhazai suna wahalar ƙishirwa.

Cikin manyan ma'aikatansa akwai Ibnul Mustaufi, malami masanin hadisi da adabi, wanda ya riƙe lissafin baitulmali, sa'an nan ya zama waziri a shekara ta 629, kuma aka yaba riƙonsa. Shi ne ya rubuta tarihin Irbil. Matarsa Rabi'atu Hatun ita ma ta gina makaranta domin Hambalawa a gindin dutsen Ƙasiyun a Dimashƙa ta yi mata wakafi. An ruwaito daga gare ta cewa rigar mijinta ta ƙyalle mai kaushi ce wadda kuɗinta bai kai dirhami 5 ba, da ta yi masa magana sai ya nuna mata ya fi son ya sa irin wannan ya yi sadaka da saura, a kan ya sa mai tsada ya bar matalauci.

ABIN DA AKA SOKE SHI A KAI

Ba daidai ba ne a kawo yabo a ɓoye suka. Yaƙutul Hamawi, mai littafin Mu'ujamul Buldan, ya shiga Irbil a zamanin Muzaffar, ya kuma rasu a shekara ta 626 (1229) sarkin yana da rai. Ya shaida cewa shi ne ya raya garin, ya yi masa ganuwa da kasuwanni, kuma yana da yawan sadaka ga matalauta da baƙi. Amma ya ce halayensa suna karo da juna, domin yana tsananta wa talakawansa, yana kuma karɓar dukiya ba ta hanyarta ba. Ibnu Hallikan kuwa bai ɓoye cewa gidansu ya ci alherin sarkin ba, ko da yake ya tabbatar da cewa bai ƙara gishiri ba a abin da ya rubuta.

Allah ne Ya san yadda hisabin bawansa zai kasance. Sai dai hukuncin mas'alar a fili yake wurin malamai: dukiyar da aka ƙwace ba ta zama halal domin an ciyar da maraya da ita, abin da ya wajaba shi ne a mayar wa mai ita. Saboda haka tambaya biyu ce ke kan duk mai riƙe da gidan mabukata, ina dukiyar ta tafi, da kuma ina ta fito.

RASUWARSA

Muzaffar bai bar ɗa namiji da zai gaje shi ba, don haka ya yi alkawari da Halifa Mustansir na Bagadaza cewa Irbil za ta koma hannunsa. Ya rasu a watan Ramalana na shekara ta 630 (1233), yana da shekara 81. Ya yi wasiyya a kai gawarsa Makka, inda ya tanadi kabari, aka kuwa ɗauke ta tare da alhazan shekara ta 631, amma ayarin bai isa ba, ya juyo daga hanya, sai aka binne shi a Kufa. Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 634 (1237), Tatar suka auka wa Irbil suka ɓarnata garin da ya raya, sai waɗanda suka fake a cikin ganuwar da ke kan tudu suka tsira, cikinsu har da Ibnul Mustaufi. Hasumiyar masallacin da ake jingina wa sunansa tana nan tsaye a Irbil, makarantar matarsa ma tana nan a Dimashƙa.

DARASI GA MASU RIƘON AMANA

Riƙon dukiyar mabukata tsohon aiki ne a Musulunci. Sayyidina Umar ya yi wakafin gonarsa ta Haibara, ya yarda mai kula da ita ya ci daidai gwargwado ba tare da ya tara wa kansa ba, ya kuma yi wasiyya 'yarsa Hafsatu Uwar Muminai ta riƙe ta bayansa. Malaman fiƙihu sun shar'anta wa naziri, watau mai kula da wakafi, amana da iya aiki, su ka ce ya bi sharuɗɗan wanda ya yi wakafin, in kuwa ha'incinsa ya tabbata alƙali ya cire shi.

Shugabanni da 'yan kwamitin amintattu na gidajen marayu da makafi da sauran marasa wurin kwana, su ne ke zaune a wannan matsayi yau. Ya kamata kowannensu ya tambayi kansa yaushe rabonsa da shiga ɗakin mazaunin gidan da ake tara kuɗi da sunansa, ya zauna ya ji daga bakinsa ba daga bakin ma'aikaci ba. Ya duba ko an tanadi wata hanyar samun kuɗi tabbatacciya, gona ko kanti ko gidan haya, wadda za ta ciyar da gidan bayan wanda ya kafa shi ya mutu. Ya binciki mutanen da ake damƙa wa kuɗi, ya kuma san asalin gudummawar da ake karɓa. Mutumin da ke da rundunar yaƙi da mulkin ƙasa ya samu la'asar biyu a kowane mako domin makafi, wanda aikinsa bai kai haka ba kuwa uzurinsa kaɗan ne.

Allah Ya jiƙan Muzaffaruddini, Ya karɓi kyawawan ayyukansa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya ba masu riƙe da amanar marayu da miskinai ikon sauke ta, Ya suturta duk wanda ba shi da wurin kwana, amin.