Ira Sankey, Mutumin da Ya Yi Wa'azi da Waƙa

An haifi Ira Sankey a ƙasar Amurka a shekara ta 1840. Ya ba da gaskiya ga Yesu yana ɗan shekara 16. Da ya girma ya sami aikin gwamnati a ofishin haraji, ya yi aure, zamansa lafiya lau.

A 1870 ya tafi wani babban taro a birnin Indiyanafolis. Wurin addu'ar safe waƙa ta yi sanyi, sai ya tashi ya ja ta. Ashe mai wa'azin nan D. L. Moody yana cikin jama'a. Da aka tashi ya tare shi, ya ce masa lalle ya bar aikinsa ya zo Cikago su yi aikin bishara tare. Sankey ya yi wata da watanni yana juya maganar a zuciyarsa. Wanda ya taɓa riƙe albashin gwamnati, ga kuma iyali, ba zai ga laifinsa ba. Amma a 1871 ya ajiye aikin. A shekarar nan gobara ta cinye Cikago har da majami'ar Moody, shi kuwa ya tsira cikin ɗan kwalekwale a kan tafki.

A 1873 suka haye teku zuwa Ingila, daga nan suka shiga Sikotlan. Can ikilisiyoyi da yawa Zabura kaɗai suke rairawa, ba su yarda da kayan kiɗa a ɗakin sujada ba. Ga baƙo kuwa ya zo da ɗan akwatin kiɗa wanda ake matsawa da ƙafa, yana waƙa shi kaɗai. Waɗansu dattawa suka yi gunaguni. Amma Sankey ba ya waƙa don a yabi muryarsa. Yakan yi addu'a tukuna, ya furta kowace kalma sarai, wani lokaci ya dakata kaɗan domin maganar ta shiga. Da ma mawaƙanmu za su koyi wannan! A hankali masu gunaguni suka ga bisharar da Moody yake faɗa ita ce Sankey yake rairawa.

Wata rana a 1874 suna cikin jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa Edinbara, ya ga waɗansu baitoci a jarida a kan ɓatacciyar tunkiya ta Luka 15. Wata mace ce ta rubuta su, Elizabeth Clephane, ta rasu tun 1869. Ya karanta wa Moody, Moody kuwa hankalinsa yana kan wasiƙunsa. Sai ya yanke takardar ya sa aljihu. A taron Edinbara aka yi magana a kan Makiyayi Mai Kyau, Moody ya juyo ya ce ya yi waƙa. Baitocin nan ba su da murya tukuna. Ya ɗora takardar a kan akwatin, ya roƙi Ubangiji a zuciya, ya soma. Da ya gama baiti na fari tsoro ya kama shi, ko zai tuna muryar a na biyu. Ya tuna, har ƙarshe. Moody ya yi hawaye.

Littafin waƙoƙin da ya tattara ya kai waƙa 1,200. Kuɗin da littattafan suka kawo aka zuba su cikin aikin Ubangiji, har da makarantun Moody.

Moody ya rasu a 1899. A 1903 Sankey ya makance, ya zauna a gidansa a Buruklin. Fanny Crosby, makauniyar nan mai rubuta waƙoƙi, wadda ya sa wa baitocinta murya, takan zo gaishe shi. Ya rasu ran 13 ga Agusta 1908.