Abebe Bikila, Gwanin Gudun Ƙasar Habasha

A bara ana saura mako uku a yi gasar gudun ya-da-ƙanin-wani tsakanin gidajen makarantarmu, na tafi wurin malaminmu na wasanni na roƙe shi ya cire sunana. Dalili kuwa takalmina kambas ya yage, mahaifina kuma bai sayar da rakensa ba tukuna, balle a yi zancen sabo. Malam bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni ya ba ni labarin wani mutumin Habasha wanda ya ci gasar duniya ba takalmi a ƙafarsa. Daga baya na bi tarihin mutumin nan na karanta, na kuwa tarar da wani abu wanda ya fi zancen takalmi. Shi na ke so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haifi Abebe Bikila ran 7 ga watan Agusta, 1932, a wani ƙauye mai suna Jato cikin lardin Shewa. Mahaifinsa makiyayi ne, saboda haka Abebe ya tashi yana bin dabbobi a kan tuddai. Da ya kai wajen shekara ashirin sai ya tafi Addis Ababa, babban birnin ƙasar, ya shiga rundunar sojan da ke gadin Sarki Haile Selassie.

Birnin Addis Ababa a kan tsauni ya ke, bisansa ya fi mita 2,300 daga teku. Iskar da ke can sama ba ta da kauri kamar tamu ta nan, don haka baƙo ko tafiya ya yi da sauri sai ya kama haki. Amma wanda ya daɗe yana gudu a irin wannan wuri, jikinsa yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, in ya sauko ƙasa kuma sai ya ga numfashi ya yi masa sauƙi. A kan waɗannan duwatsu Abebe ya horu. Akwai lokacin da kullum ya kan taso da gudu daga tuddan Sululta zuwa cikin birni, tafiyar wajen kilomita 20, ya kuma koma. A cikin haka ne wani Bature daga ƙasar Suwidin mai suna Onni Niskanen, wanda aka ɗauka don horar da sojojin, ya lura da shi, ya shiga koya masa dabarun gudu mai nisa.

A shekarar 1960 aka yi wasannin Olamfik a birnin Rum na Italiya, Abebe na cikin waɗanda Habasha ta aika. Gudun da ya shiga shi ne na fanfalaki, mai tsawon kilomita 42 da 'yan kai, watau kamar rabin hanyar Zariya zuwa Kaduna. Takalmin da ya samu a can bai yi masa daidai ba, har ya sa masa kumburi, sai ya ajiye shi ya fita da ƙafa tsirara. Ran 10 ga Satumba da yamma aka tashi. Dare ya yi musu a hanya, sojoji na tsaye gefen titi riƙe da wuta suna haskakawa. Tun ana tafe da yawa, har ya rage daga shi sai wani ɗan Maroko, Rhadi Ben Abdesselam. A bakin hanyar akwai wani dogon ginshiƙin dutse na garin Aksum, wanda Italiya ta kwaso daga Habasha a 1937 lokacin da ta mamaye ƙasar, ba a kuwa mayar da shi ba sai a 2005. A daidai wurin nan Abebe ya ƙara wuta, ya bar abokin tafiyarsa. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ba a taɓa yin sauri kamar haka ba a duniya kafin ranar. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olamfik.

Da ya koma gida aka yi masa babbar tarba, aka ƙara masa girma zuwa kofur. Amma a watan Disamba na wannan shekara shugabannin rundunarsu suka yi yunƙurin hamɓare Sarki, abin bai yi nasara ba. An tsare Abebe na ɗan lokaci, da aka ga ba hannunsa a ciki aka sake shi, ya koma kan duwatsunsa.

To, ga inda na gane ba a rashin takalmi sirrin ya ke ba. A 1964 ana saura kamar mako biyar a yi gudun Olamfik na birnin Tokiyo a Japan, ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka yi masa aiki suka cire masa ɗan tsiron hanji. Mutane suka fid da rai. Ran 21 ga Oktoba ya fito, wannan karon da takalmi, ya sake cin gasar cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Na biyu, Basil Heatley na Ingila, bai iso ba sai bayan fiye da minti huɗu. Kafin Abebe ba wanda ya taɓa cin wannan gudu sau biyu a jere. Da takalmi da ba takalmi duk ya ci, domin abin da ya tara a ƙafafunsa da ƙirjinsa cikin shekaru, kwanciyar asibiti ta 'yan kwanaki ba ta iya zubar da shi ba.

Amma duniya rawar 'yammata ce. A Olamfik na 1968 a Meksiko ciwon ƙafa ya tilasta masa tsayawa tun bai kai rabin hanya ba, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A watan Maris na 1969 kuma ya yi hatsari a motarsa, ƙafafun nan da duniya ta san shi da su suka shanye. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi wata takwas, ya fito a keken guragu. Duk da haka bai zauna zaman jiran tausayi ba. Ya koyi harbin kibiya da ƙwallon tebur, har ya shiga gasar naƙasassu a 1970. Ya rasu ran 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41, Sarki da dubban jama'a suka halarci jana'izarsa. Cikin gudun fanfalaki 16 da ya shiga, ya ci 12.

Ni dai na shiga gasar tamu ba takalmi, ina ganin kaina Abebe. Ban kai ko'ina ba na ji ƙirjina kamar zai tsage, na zo cikin na baya-baya, abokaina suna ta yi mini dariya. Na kwaikwayi ƙafarsa, na manta da Sululta.

Saboda haka da aka ba da dogon hutu na damina na koma ƙauyenmu a ƙasar Kudan, sai na sake shiri. Mu nan ba mu da duwatsu irin na Habasha, ƙasarmu fili ce da fadamun rake, amma akwai 'yan tuddai da hanyoyin gona masu laka. Kullum bayan sallar asuba na kan yi gudu zuwa gonarmu ta nesa, in yi noma, in dawo a ƙasa. Ranar kasuwar Makarfi kuwa na kan bar kekena in bi masu tafiya da ƙafa. Da fari mahaifina ya ɗauka shiririta ce. Kakana ne ya sa baki, ya tuna masa fataken da can sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro da ƙafa, watanni suna tafe, ba wanda ya kira su mahaukata. Ko a yau ma akwai gudun da ya fi na Abebe nisa, kamar wanda a ke yi a Afirka ta Kudu tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wajen kilomita 90, masu shigarsa kuma watanni su ke yi suna hawa da sauka kafin ranar.

Roƙona ga iyayenmu na Ikara da Makarfi da Kudan shi ne, in kun ga yaro na gudu da sassafe kada ku hana shi, muddin bai bar salla da karatu da aikin gida ba. Ku kuma 'yan'uwana, kada wanda ya jira sai ana gobe gasa sannan ya tuna yana da ƙafa. Bana sunana na cikin jerin masu gudu, na kuwa dinke kambas ɗina. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.