Marigayi Ide Umaru, magatakardan Afirka a zamanin fari da bashi

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 1984, a Baudeta ko Tasawa ko Mayahi, bai manta da wannan shekara ba. Damina ta yi gardama, gero ya ƙone a gona, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Ga shi Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, hanyar Katsina da Daura ta toshe, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Shekara guda bayan haka ne shugabannin Afirka suka zaɓi ɗan Nijar ya zama babban magatakardan Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wato OUA. Shi ne Ide Umaru.

An haife shi a 1937. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Sanagal, ya ƙaro ilimi a Paris. Da aikin jarida ya fara: ya shugabanci jaridar gwamnati Le Niger, ya riƙe ma'aikatar watsa labarai shekaru da dama, sannan aka ba shi ofishin gidan waya. Da sojoji suka karɓi mulki a 1974, Seyni Kunce ya jawo shi kusa, ya naɗa shi darektan fadarsa. Duk da yawan aiki bai ajiye alƙalami ba. Littafinsa Gros Plan ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata a 1978.

A 1980 aka tura shi New York jakadan Nijar a Majalisar Ɗinkin Duniya. A lokacin Nijar na da kujera a Kwamitin Sulhu, saboda haka sau biyu ya shugabanci zaman kwamitin, a watan Mayu 1980 da watan Yuli 1981. A can ya san halin manyan ƙasashe, ya ga yadda suke sauraron ƙarami da ladabi ba tare da sun yi masa alkawari ba. A 1983 ya dawo gida ministan harakokin waje.

Sai mai karatu ya san irin gidan da ya tarar a Adis Ababa. Rikicin Yammacin Sahara ya raba kan OUA tun 1982, taron ƙoli kuma ya watse sau biyu a Tiripoli don ba a sami isassun mahalarta ba. A 1983 shugabanni suka kasa daidaitawa kan sabon magatakarda, aka bar Peter Onu na Najeriya yana riƙon ƙwarya. A Nuwamba 1984 Maroko ta yi fushi ta fice, ba ta kuma dawo ba sai 2017. Ƙasashe da yawa ba sa biyan kuɗin ƙungiya. Wannan ita ce kujerar da Ide Umaru ya hau a watan Yuli 1985. Magatakarda ba shi da soja, ba shi da baitulmali. Makaminsa takarda ce, da haƙuri, da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Taron da ya zaɓe shi ya bar gardamar siyasa ya fuskanci tukunya. Shugabanni suka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na 1986 zuwa 1990, suka yi alkawarin ware wa noma kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na jarin gwamnatocinsu. Daga nan aka nufi waje. Abdu Diuf na Sanagal, shugaban ƙungiya a wannan shekara, da Ide Umaru, da Adebayo Adedeji na hukumar tattalin arzikin Afirka, suka kai maganar New York. Daga 27 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1986 Babban Zauren Majalisar ya yi zama na musamman kan Afirka, karo na farko da aka keɓe irin wannan zama ga matsalar arzikin nahiya guda. Lissafin da aka gabatar ya kai dala miliyar 128. Afirka ta ce za ta nemo wajen miliyar 82 da kanta, a taimaka mata da sauran. Ƙasashe masu arziki suka yaba da shirin, suka amince da takarda, amma ba su ɗaure kansu da wani adadi ba.

Abin da ya fi cin rai shi ne bashi. Wajen 1987 ana bin Afirka kimanin dala miliyar 200. Nijar ta san zafinsa: ta ci bashi lokacin da yuraniyom ke da daraja, sai farashi ya faɗi, biya ya tsaya mata a wuya. Kuɗin da ya tafi biyan ruwan bashi, shi ne wanda bai zama rijiya ko ajin yaƙi da jahilci ko maganin asibitin ƙauye ba. A ranakun 30 ga Nuwamba da 1 ga Disamba 1987, makonni uku bayan rasuwar Kunce, OUA ta yi taron gaggawa ta fitar da matsaya guda. Ta nemi a jinkirta biya na shekara goma, a mai da wasu basussukan gwamnatoci kyauta, a kuma kira taron duniya inda masu bin bashi da waɗanda ake bi za su zauna tabarma ɗaya. Wannan taro bai taɓa zama ba. Masu bashi sun fi son kowace ƙasa ta zo Paris ita kaɗai, don sun san tsintsiya ba ta karyuwa sai an kwance ta.

Amma ba a ce ƙoƙarin ya tashi a banza ba. A Yuni 1988, a Toronto, manyan ƙasashe bakwai suka yarda a sassauta wa matalautan ƙasashe. A Mayu 1989, a Dakar, Mitterrand ya yafe bashin taimakon da Faransa ke bin ƙasashen Afirka 35, har da Nijar. Kaɗan ne in an gwada da abin da aka nema, amma ƙofar da ake cewa ba ta buɗuwa ta motsa.

A fagen sulhu, ƙungiya ta samu tsagaita wuta tsakanin Cadi da Libiya a Satumba 1987. Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta fara aiki a Oktoba 1986. Batun Namibiya kuwa, ko da yake OUA ta daɗe tana tallafa wa mayaƙan ƴanci, Amurka ce ta shiga tsakani har Angola da Kuba da Afirka ta Kudu suka sa hannu a New York a Disamba 1988. Nan ma an ga iyakar ƙarfin ƙungiya.

A Yuli 1989 ya nemi wa'adi na biyu, shugabanni suka zaɓi Salim Ahmed Salim na Tanzaniya. Ya dawo gida ya ci gaba da ba shugabannin ƙasa shawara, ya kuma rubuta littafi kan zamansa da Kunce. Ya rasu a Yamai ran 12 ga Fabrairu 2002. Wata biyar bayan haka, a Durban, aka naɗe tabarmar OUA, Tarayyar Afirka ta gaje ta.